Aiken Baba Wurin Fir'auna

Litinin: Haɗejia zuwa Alƙahira

Ƙarfe biyar da rabi na asuba motar haya ta tsaya a ƙofar gidanmu. A watan Maris ne na 2014, kuma ciwon baya ne ya tada tafiyar, don ƙanena Hamisu da ke karatu a Masar ya samo mini likita. Na shiga ɗakin Baba in yi sallama. Shekararsa shida ba ya gani, amma kunnensa garau. Ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Garba, aike zan yi maka. Shekara arba'in ina gaya wa mutane gawar Fir'auna na nan a Masar, ban taɓa ganinta ba. Ka je ka tsaya a kansa, ka kalli fuskar maƙiyin Allah da kyau, ka dawo ka gaya mini yadda take."

Na ce to. Ni da sana'ata wankan gawa ce a unguwa, wadda na gada a wurinsa, kallon gawa ɗaya ai ba aiki ba ne. Haka na ɗauka.

Kilomita kusan ɗari biyu ne zuwa Kano, amma sai da muka ci awa huɗu saboda shingen sojoji har bakwai. A na biyar aka sa muka sauka muka taka da ƙafa, hannu a sama. Jirgi ya tashi biyu da kwata, muka sauka bayan magariba. Hamisu ya kai ni gidansu a Madinat Nasr, hawa na shida, ba lif. Mai ciwon baya ya fara shan magani tun daga matakala.

Talata: likita

Likita ya duba ni, ya rubuta ƙwayoyi, ya ce in daina sunkuyo. Na ce Hamisu ya tambaye shi yadda ake wanka wa mamaci a tsaye. Hamisu ya ƙi fassarawa.

Laraba: hanyar gidan tarihi

Mun karya da gurasa da dafaffen wake, muka fita bakwai da rabi. Ƙaramar bas ta kai mu Abbasiyya, direban yana tuƙi da hannu ɗaya yana karɓar kuɗi da ɗayan yana ihun "Yalla, yalla!", wato a yi sauri. Daga nan muka shiga metro, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, fam ɗaya kowa. Muka canja jirgi a Ataba. Da muka zo tashar da za mu sauka, jirgi ya wuce abinsa cikin duhu bai tsaya ba.

"Hamisu, ba nan ba ne?"

"Ma'alish, yi haƙuri, Yaya. Na manta an rufe ta tun bara."

Shekarar Hamisu takwas a gari, amma daga gida sai makaranta ya sani. A wancan ƙetaren kogin Nilu muka fito, muka dawo ta kan gada da ƙafa. A bakin gidan tarihin ga tankokin yaƙi ga waya mai ƙaya. Aka duba fasfo sau biyu, aka karɓe kyamarar Hamisu.

Cikin gidan

Na shiga da shirin ganin kayan kafirci, kuma na gani: gumaka iya ganinka, wani kan kare ne ko dila, wani kan shaho. Amma a hawa na sama sai na fara ganin kayan gidanmu. Ga tandun kwalli, ga faifai, ga lauje, ga takalman kaba. Ga ɗan mutum-mutumin mace ta durƙusa a kan dutsen niƙa, zamanta sak na kakarmu. Na tsaya ina kallo har Hamisu ya ja mini riga.

Ya nuna mini wata doguwar takarda mai zane. Ya ce mutanen Masar na dā sun yi imani idan mutum ya mutu za a ɗora zuciyarsa a ma'auni, a ɗaya gefen a sa gashin tsuntsu, in zuciyar ta fi nauyi ya halaka.

"To sun san da hisabi ke nan?"

"Sun sani, a tasu hanyar."

"Kuma suna bauta wa dila?"

"Yaya, ni fiƙihu na zo karantawa."

Sai ya karanta mini yadda suke shirya mamaci: kwana saba'in, a cire kayan ciki a zuba a tuluna, a bar zuciya, a busar da jikin da kanwa. Kanwar da muke sa wa miyar kuka. Mu da muke sauri kada gawa ta kwana, su kuma wata biyu da kwana goma. Na rasa abin da zan kira wannan, gata ne ko wulaƙanci.

Ɗakin sarakuna

Tikiti daban aka saya. Ɗaki ne mai sanyi, haske kaɗan, an hana magana da ƙarfi. Na yi a'uziyya na shiga ina neman ƙaton da nake gani a raina tun ina yaro. Sai na tarar da akwatunan gilashi sun haura goma, kowanne da mutum a kwance.

"Wanne ne Fir'auna?" na raɗa.

"Kusan duka sarakuna ne. Na zamanin Annabi Musa kuwa, wasu sun ce wannan, wasu sun ce ɗansa, ga shi can, wasu sun ce ba ya ma cikin ɗakin."

"Kai wanne ka ce?"

"Allahu a'alam."

Na tura shi ya tambayi mai gadi. Mai gadin ya ɗaga kafaɗa ya koma kujerarsa. Sai na matsa kan wanda aka fi zargi. Tsoho ne siriri, dogon hanci, sauran gashi ja-ja a gefen kai, kamar wanda ya sa lalle. An lulluɓe jikin da ƙyalle, an bar fuska da ƙafafu a waje. Na yi niyyar kallon fuskar, amma idona ya tafi kan naɗin. Wanda ya yi aikin nan gwani ne, bai yi gaggawa ba, ko'ina ya lanƙwasa da kyau. Na san irin ciwon bayan da ya kwana da shi.

Wasu baƙi suka kewaye akwatin, ɗaya na nuna haƙoran tsohon yana dariya. Ni dai ban san lokacin da na zare hiramina daga kafaɗa na shimfiɗa a kan gilashin ba. Hannu ne ya yi abin da ya saba.

Mai gadi ya taso da ihu: "Mamnu'! Mamnu' ya Hajj!" Wato an hana. Hamisu ya fizge hiramin yana ba da haƙuri, yana cewa baƙo ne, ba shi da lafiya. Aka raka mu har ƙofa. A matakala ya ce, "Yaya, ka san wa ka rufe kuwa?" Na ce ban sani ba, kuma kai ma ba ka sani ba. Muka kama hanyar gida. Ni kuwa ina ta tunani: an aike ni in kalli maƙiyin Allah, na je na yi masa sutura, kuma ko fuskar ban riƙe sosai ba.

Asabar: komawa

Jirgi ya tashi tara na safe, muka sauka Kano da azahar. A mota na shirya ƙarya kala uku: fuska baƙa ƙirin, baki a murguɗe, gishirin teku a gemu. Makaho ne, wa zai ƙaryata ni? Na iso Haɗejia dab da magariba lafiya lau, na gode wa Allah, na gode wa Hamisu da ya sha kunya saboda ni.

Baba bai bari na sha ruwa ba.

"Ka gan shi?"

Ƙaryar ta ƙi fita. Na gaya masa komai: yawansu, rashin sanin wanne ne, naɗin ƙyallen, hiramin, korar da aka yi mana. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Ya ja carbinsa.

"Mutane na ta kallonsa, ka ce?"

"Kullum, Baba. Da kuɗinsu ma."

"Hiramin ya rufe shi duka?"

"A'a, bai kai ƙafafu ba."

Ya girgiza kai, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ai da ka tafi da babban hiramin."