Ɗan Leƙen Asirin da Ya Fara Daga Hagu

Ina da kwali guda cike da littattafan leƙen asiri na zamanin yaƙi, waɗanda nake tsinta a hannun masu tsofaffin littattafai. Amma na rantse babu wanda ya kamo ƙafar labarin da kakata Inna Hajjo take ba mu a bakin murhu bayan isha'i, muna ɓarar gyaɗa, kakanmu Baba Ilu yana gefe kan buzunsa yana jan carbi.

"Na yau ba tatsuniya ba ce," take cewa, sannan ta dube ni. "Kai mijin nawa, matso. In ka yi gyangyaɗi, yaji zan yi."

A lokacin yaƙin Turawa, in ji ta, akwai wani malami a ƙauyenmu, Malam Na-Tsamiya, da yake gaya wa samari kada su shiga soja su mutu a rigimar da ba tasu ba. Magana ta kai kunnen hukuma. Sai aka turo wani saurayi ɗan boko ya saje da ɗalibai, ya rubuto abin da ya ji. Takarda ɗaya daga hannunsa ta isa a ɗaure Malam.

Saurayin ya zo da tsohuwar riga, ya ce shi manomi ne, bai taɓa riƙe alƙalami ba. Malam ya miƙa masa allo da tawada, ya ce ya kwaikwayi baƙin farko. Hannu kuwa ya tafi inda ya saba, ya fara daga hagu.

A nan Inna take dariya har da dukan cinya. A nan kuma Baba Ilu yake miƙewa, wai zai duba awaki.

Malam ya gani, bai tona shi ba. Ya kama hannun ya mayar dama, ya ce, "Daga yau nan kusa da ni za ka riƙa zama. Wanda aka aiko ya ji, gara ya ji da kyau, kada ya kai magana rabi." Kuma bai rage ko kalma ɗaya daga wa'azinsa ba.

"To Inna, ya kai ƙarar?"

"Duk sanda aka aiko, sai ya ce bai gama bincike ba. Ku tashi ku kwanta."

Wannan ƙarshe yana ba ni haushi ƙwarai. Sai da na girma, ina koyarwa a Bici, Baba Ilu ya rasu, sannan wata rana ina karanta yadda ƙaramar ɗabi'a take tona ɗan leƙen asiri, awakin nan suka faɗo mini a rai. Kullum a ɗaure suke lafiya lau, amma kullum a wuri ɗaya na labarin yake tashi duba su. A littattafaina gwani shi ne wanda ba a gane ba. Namu an gane shi ranar farko, aka ba shi wurin zama, kuma abin da ya cece su ke nan su biyun.

Na hau mota na je na sami Inna.

"Sai yanzu, malamin makaranta?" ta ce. "Shekara talatin yana binciken nan. Shi ya yi wa Malam wanka, shi ya sa shi a kabari. Da ya dawo na ce, to maigida, yau dai an gama? Ya ce an gama, amma wannan rahoton Allah kaɗai zai kai wa."