Jinyar Tsohuwa a Annandale

Yayana ne ya ɗauki nauyin zuwana Amurka. Yana da shagon kayan gyaran mota a Kano, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi ne uba a gidan. Da na samu gurbin digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a wata jami'a kusa da Washington, ya duba ƙarfinsa ya ce zai iya. A lokacin kuwa zai iya ɗin. Zangon farko ya biya kuɗin makaranta da na haya, ban ji ko ƙorafi daga bakinsa ba.

Sai naira ta faɗi. Kayan da yake sarowa suka yi tsada, masu saye suka ragu, abin da yake turo min kuma in an canza shi zuwa dala sai ya zama kamar an yi masa sata a hanya. Kiran wayarmu ya gajarce.

"Auta, ki ƙara haƙuri, ana ta ƙoƙari."

"Ba komai, Yaya."

"Kina dai cin abinci ko?"

"Ina ci."

Ina da ɗan aiki a laburaren makaranta, ina jera littattafai. Dokar biza ta ƙayyade awannin da ɗalibi baƙo zai yi, kuma a cikin makaranta kawai. Abin da nake samu yana sayen abinci da katin jirgin ƙasa, daga nan ya ƙare. Kafin zango na biyu ya kai ƙarshe makaranta ta toshe min rajista, sai na biya abin da ya saura. In ban yi rajista ba kuma, zamana a ƙasar ya zama ba bisa ƙa'ida ba. Na je ofishin ɗalibai baƙi, wata mata mai fara'a ta yi min bayanin duk wannan a hankali, sannan ta turo min kwalin tishu. Na dubi kwalin. Ba kuka nake ba. Na zari ɗaya don kada ta ji kunya, na riƙe shi a hannu har na fita.

A masallaci ranar Juma'a na haɗu da matar da ta ba ni masauki. 'Yar zangon Kumasi ce, ta kusa sa'ar mahaifiyata, kowa Mma yake ce mata. Hausarta irin ta can ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Da farko abin yana ba ni dariya. Ta ga ina tambayar mata ko akwai wadda ta san ɗaki mai araha, ta ja hannuna gefe.

"Ka kawo kayanka gidana. Falo ne, amma akwai katifa."

Haka na koma Alexandria, wani gari a gefen Washington, can sama a wani dogon gini da lif ɗinsa ke ƙamshin girkin ƙasashe daban-daban. Mma aikin kula da tsofaffi take yi. Tana fita da sassafe, ta dawo ƙafafu a kumbure, ta zauna a kujera ta ce in miƙo mata man zafi. Ba ta taɓa karɓar haya a hannuna ba. Ni ke wanke-wanke da shara, ita ke girki, yawanci shinkafa da wake irin nasu da baƙin yajin da suke kira shito.

Ita ce ta samo min aikin Asabar da Lahadi. Tsohuwar da take kula da ita a ranakun mako tana bukatar mai zama da ita a ƙarshen mako, 'yar tsohuwar kuma ta gaji da tsadar kamfani, ta fi son ta biya mutum a hannu.

"Mma, takarduna ba su ba ni damar aiki a waje ba."

"Na sani. To ka zauna ka ci takardun."

Asabar ɗin da ta biyo na shiga bas biyu zuwa Annandale.

Ƙaramin gida ne na jan bulo, a layin da itatuwa suka fi mutane yawa. Tsohuwar Baturiya ce, siririya, gashinta fari tas. Ta yi shekaru tana aiki a gidan waya, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ƙwaƙwalwarta ta fara barinta. 'Yarta ta nuna min inda magunguna suke, da yadda ake ɗaga ta daga gado ba tare da an ji mata ciwo ba, ta tafi. Tana da yara da aiki a wani gari, da ka ga fuskarta ka san ba ta samun barci.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. In yi mata wanka, in canza mata famfas, in shafa mata mai, in dama mata kunun hatsinsu in ba ta a cokali. Ranar farko da na wanke ta sai da na fita waje na tsaya a sanyi. Mako na uku ina wanke ta ina bitar darasin jarrabawa a kaina. Ba ta taɓa riƙe ko ni wace ce ba. Wani lokaci maƙwabciya ce ni, wani lokaci wata abokiyar aikinta ta da. Kullum in na shigo sai ta ce, "Kin makara, an riga an rufe jakunkunan wasiƙu." Sai in ba ta haƙuri, ta ce kada in sake.

In ta yi barcin rana nakan baje littattafaina a teburin kicin. Ina karanta yadda ake tsara asibitocin karkara, da dalilan da suke sa mata mutuwa wurin haihuwa a ƙasashe irin tamu. Wannan ne ya kawo ni. Da can in na karanta irin waɗannan abubuwa ba na iya ajiye littafin. Yanzu sai in ja layi a ƙarƙashin abin da nake zaton za a tambaya, in juya shafi. Salla kuma a ɗakin wanki nake yi, tsakanin injin da kwandon kaya. Wata rana ta lallaɓo da sandarta ta same ni a sujada. Da na sallame ta ce, cikin damuwa ta gaske, "Me kika yar? Bari in taya ki nema."

Umma takan kira ni ranar Lahadi da safe kafin in fita. Takan ce na rame. In ce sanyi ne. Takan tambayi aikin laburare, in ce lafiya lau. Ban ji ina ɓoye mata wani abu ba. Kawai ban ga ta inda zan fara ba, kuma ba ni da ƙarfin jin abin da za ta ce.

Kuɗin ƙarshen mako ina kai su makaranta kaɗan-kaɗan. Ba su isa buɗe rajista ba, amma suna nuna ban gudu ba. A aji ina zama da mutanen da suke hirar inda za su je hutu. Ban ji haushinsu ba. A wancan lokacin ban cika jin komai ba.

Wajen ƙarshen lokacin sanyi tsohuwar ta daina cin abinci. Likitoci suka ce babu sauran abin yi, a bar ta a gida ta huta. Aka kawo gadon asibiti falo, wata nas ta riƙa zuwa dubawa. Ta koya min yadda zan jiƙa mata leɓe da soso, ta ce in numfashinta ya canza in kira ta, in kira 'yar.

Wata Lahadi bayan azahar numfashin ya canza. Yana ja, ya tsaya, ya daɗe, sannan ya dawo. Na kira su duka biyun, kowacce ta ce ga ta nan. Na jawo kujera na zauna na riƙe hannunta. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan bargon. A waje wani yana wanke mota. Numfashin ya tsaya kamar yadda yake tsayawa, na jira ya dawo, bai dawo ba.

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, don abin da bakina ya saba ke nan. Na rufe mata ido, na miƙe mata ƙafafu, na gyara hannuwanta, yadda na ga goggona ta yi wa kakarmu. Sannan na koma kujera. Tunanin da ya fara zuwa min shi ne Asabar mai zuwa ba ni da aiki. Na lura da tunanin kamar yadda mutum ke lura da mota ta wuce, ban kore shi ba, ban kuma bi shi ba.

'Yar ce ta fara isowa. Ta durƙusa a bakin gadon ta yi kuka mai sauti, sannan ta tashi ta rungume ni, ta jiƙa min mayafi. Tana ta cewa ta gode da ban bar uwarta ita kaɗai ba. Na tsaya ƙiƙam, hannuna ɗaya a bayanta. Da nas ta zo ta duba, ta juyo ta tambaye ni matsayina a gidan don ta cika takarda. Kafin in buɗe baki 'yar ta ce, "Abokiyar arzikinmu ce." Nas ta gyaɗa kai, ba ta ƙara tambaya ba.

Na shiga kicin na wanke kofi da cokali, na fitar da shara, na tattara littattafaina. A bakin ƙofa 'yar ta saka min ambulan a jaka, ta kuma ɗauko wata doguwar rigar sanyi ta uwarta ta ce in karɓa, ta ga tawa ba ta da kauri. Na saka ta nan take, don da gaske ana sanyi. Ran Lahadi bas ba ya zuwa da wuri. Na daɗe a tsaye a tasha ina jin ƙamshin sabulun tsohuwar a wuyan rigar.

Mma tana yanka albasa na faɗa mata. Ta ajiye wuƙar. Ita ta fi ni daɗewa da matar.

"Ya huta," ta ce. Ta goge ido da bayan hannu. "Za mu samu wani. Tsofaffi ba su ƙarewa a ƙasar nan. Je ka wanke hannu ka ci abinci."

Na ci, har na ƙara.

Ba a daɗe ba Yaya ya kira da rana tsaka, muryarsa a sake kamar ta da.

"Auta, ki duba, na turo. Ki je ki biya su gaba ɗaya."

"Yaya, daga ina?"

"Ke dai ki je ki biya."

A bakin Umma na ji daga baya. Ya sayar da motarsa, ya saki rabin shagon ga wani maƙwabcinsa, ya kuma cire 'ya'yansa daga makarantar kuɗi ya mayar da su ta gwamnati. Umma tana faɗa tana kuka, tana sa masa albarka. Ni ina tsaye a layin jirgin ƙasa, ina kallon allon da ke nuna lokacin isowarsa. Na ce Allah ya saka masa da alheri. Na san ya kamata wani abu ya motsa a ƙirjina. Na jira shi har jirgin ya zo, sai na shiga.

Aka buɗe min rajista. Mma ta samo min wani tsoho mai ciwon ƙafa a Springfield, na ci gaba da zuwa har na gama karatu. Ranar bikin yaye ɗalibai ta faɗo Asabar, don haka ban je ba. Takardar shaidar ta zo ta gidan waya, Mma ta saya mata firam ta rataye a falonta, tana nuna wa duk wanda ya shigo.

Yanzu ina da izinin aiki na ɗan lokaci, ina shigar da bayanan marasa lafiya a kwamfuta a wani ƙaramin asibiti. Na kama ɗaki a ginin da Mma take, hawa biyu ƙasa da ita. Duk wata ina tura abin da ya samu gida. Yaya bai sake sayen mota ba tukuna. Kwanan baya babbar 'yarsa ta karɓi wayar daga hannunsa, ta gaishe ni, ta ce, "Anti, ni ma in na girma wajenki zan zo karatu."

Na ji Yaya yana dariya a bayanta. Na ce mata ta gama sakandare tukuna, sannan na tambaye ta ko an yi ruwa a Kano.