Raken da Kawu bai sha ba

Jiya ina karatun jarrabawa, na zo kan yadda jiki ke mayar da sukari ƙarfi ya adana, sai ƙanshin mazarƙwaila ya shigo ta taga. Nan take Kawu ya faɗo mini a rai.

Manomin rake ne a Makarfi. Ciwon suga ya kwantar da shi, gyambon ƙafa ya hana shi ko fita zaure. Masu dubiya kuwa, da yake abin da suke da shi ke nan, rake suke kawo masa. Sai ya karɓa, ya fere gaɓa ɗaya a hankali, ya sunsuna, ya miƙa wa na kusa.

Wata rana ya ce, "Ke mai karatun asibiti, me ya sa ina ci amma ba ƙarfi?"

Na ce, "Kawu, sukarin yana cikin jini, ƙwayoyin jiki ne suka kasa buɗe masa ƙofa."

Ya daɗe yana kallon bango, sannan ya ce, "Ashe shi ma a tsare yake."

Bai sake taka gonarsa ba. Allah Ya yalwata masa kabarinsa, Ya shayar da shi abin da ya fi rake zaƙi.