Baitin da Ottilie Ba Ta Ga An Soke Ba

Ottilie Brennecke ta yi shekara talatin da ɗaya tana aiki a gidan wasan garinmu, amma da wuya ka sami mutum goma cikin 'yan kallo da suka san fuskarta. Wurinta wani ɗan akwati ne a bakin dandali, rabinsa a ƙasa, bayansa ga jama'a. Nan take zama da littafin wasa, tana raɗa wa kowane mawaƙi farkon baitinsa kafin ya buɗe baki. Ni ce mai ɗinka wa 'yan wasa tufafi, ɗakina yana jikin matakalar da take sauka, shi ya sa na san ta ciki da waje.

Da ƙuruciya ita ma waƙa ta so yi. Ciwon maƙogwaro ya kama ta tana 'yar shekara ashirin da biyu, muryar ta tafi ta bar mata raɗa. Ba ta yi aure ba. Lokacin yaƙi, ran da rufin gidan wasan ya kama da wuta, littattafan ta loda a keken jarirai ta tura har ƙauyen ƙanwarta.

Wasan da garinmu ya fi so na barkwanci ne, ana yin sa da waƙa da kiɗa duk kaka. Labarin wani mai gasa burodi ne mai cika baki, wanda ya rantse sai ya zama magajin gari, har ya saɓa buhun fulawa ya kai gida da kansa, bai san saurayin 'yarsa ne a ciki ba. Alois Kümmerle ne ke fitowa a mai burodin tun gashinsa yana baƙi. Murya kamar ganga, ƙwaƙwalwa kamar rariya. In ya gifta akwatin sai ya ce, "Ɓera, kina ramin?" Ita kuma ta ce, "Ina nan, Tumbi. In na fita wa zai riƙe maka kai?"

Abin da ni kaɗai na sani, idon Ottilie ya daɗe da dusashewa. Na gane ne wata safiya da ta zo zuba mini gahawa ta zuba a kan tebur. Ta kama hannuna ta roƙe ni in rufa mata asiri, don ran da aka sani, ranar za ta bar akwatin. Wasanni goma sha tara ta haddace a kanta. Shafi kawai take juyawa don masu kallonta.

Sai aka kawo mana sabon shugaba daga babban birni, Dokta Vollrath. Ba mugu ba ne, gaggawa ce ta yi masa yawa. Ya ce wasan ya yi tsawo, Alois kuma ya tsufa, ya ma riga ya hango wanda zai gaje shi. Wata Asabar ya soke baiti na uku a waƙar cika bakin mai burodi. A wurinmu ba a shelar irin wannan. Littattafai ake tattarawa, a ja siririn layi da fensir don a iya gogewa wata rana, a mayar wa kowa nasa. Mawaƙin kaɗai ake gaya wa da baki. Tsohon wasa ne, ba wanda ya yi zancen gwaji. Ottilie ta tarar da littafinta a kan kujera kamar kullum.

Ran Lahadi da yamma gida ya cika. Alois ya gama baiti na biyu, ya ɗan saci kallon akwatin, Ottilie ta raɗa masa na uku. An gaya masa an soke, amma shekara talatin yana yarda da ita fiye da kansa. Ya ɗauki baitin. Makaɗa kuwa sun riga sun tsallaka zuwa kiɗan rawa. 'Yan mata suka shigo suna juyi, na cikin buhu ya fito lokacinsa bai yi ba, Alois yana tsakiya yana ta cika baki shi kaɗai. Jama'a suka yi dariya har da share hawaye, sun zaci sabon salo ne.

Bayan an tashi shugaba ya same mu a ɗakina, ina cire wa Alois riga. Ya tambaya wa ya yi wannan aika-aika. Alois bai ko numfasa ba ya ce shi ne, kansa ne ya ruɓe, ba ruwan kowa. Vollrath ya ce to ai shi ke nan, lokaci ya yi, Lahadi mai zuwa wani zai sa rigar.

Ottilie tana tsaye a bakin ƙofa da littafin a ƙirjinta. Ni na sunkuyar da kai, don na san in ta yi shiru ba mai tona ta.

"Tumbi, bar ƙaryar nan," in ji ta. "Ba ka iya ta ba sai an raɗa maka."

Ta miƙa wa shugaba littafin. "Ni na ba shi baitin. Ban ga layinku ba, Dokta. Shekara uku ke nan ban ga harafi ko ɗaya ba."

Vollrath ya yi ta juya littafin a hannu. Can ya ce, a hankali, ba zai yiwu ta ci gaba da zama a akwatin ba. Ta ce ta sani. Alois ya zauna a kan kwandon kayana, rabin rigar a jikinsa, ya rufe fuska.

Shugaba ya janye maganarsa, Alois ya ƙara shekara huɗu yana fitowa a mai burodi. Duk Laraba da hantsi yana hawa bene huɗu zuwa ɗakin Ottilie da gurasa mai zaƙi a takarda, yana haki, ta bi masa baitocinsa tana yi masa faɗa. Gidan wasan kuwa ba ta sake taka shi ba. Sau ɗaya na kawo mata takardar shiga, kujera a layin gaba. Ta shafa ta da yatsa ta mayar mini, ta ce in ba wani, ita in ta zauna a can bakinta ba zai yi shiru ba, za ta dami maƙwabta.