Ƙullin Baba Allura

Shekara talatin Baba Allura ya yi yana ɗinkin littattafai a maɗaba'ar gwamnati, a wani ɗaki mai taga ɗaya da warin gam. Kafin ya sa allura, sai ya lashi yatsa ya bi shafuka ɗaya bayan ɗaya. In ya gama, ya yi ƙulli uku a tsakiyar littafin.

Abokan aiki kan tsokane shi: "Baba, karatu aka ɗauke ka ko ɗinki?"

Sai ya ce, "Tela ma sai ya auna."

Da haka ya karance littattafan ƙa'idar aiki da na riƙon amana, waɗanda masu sa musu hannu ba lallai sun buɗe ba.

Wata shekara aka kawo rahoton kwamitin bincike kan wani asibiti da aka gina a takarda, ciyawa kuwa na kiwon kanta a filin. Ranar ɗinki Darakta ya sauko da kansa, shi da bai taɓa sanin hanyar ɗakin ba. Ya nuna shafuka takwas, inda sunaye suke.

"Baba, littafin ya yi kauri. A cire waɗannan."

"Ranka ya daɗe, daga arba'in sai arba'in da tara? Zarena bai iya tsallake ba."

"Saura shekara nawa ka yi ritaya?"

"Biyu."

"To, a yi tunani."

A gida matarsa ta ce, "Malam, kai kaɗai aka bar wa gaskiyar garin nan?" Amma da safe ita ta miƙo masa tabaraunsa.

Ya ɗinke su duka, cif. Wata bai cika ba aka sallame shi, ko takardar godiya babu. Rahoton kuwa aka kulle a sito, ba wanda ya ko yi tari.

Bayan shekaru, 'yarsa da ke koyar da sha'anin mulki a jami'a ta ci karo da kwafi ɗaya a laburare. Ta aro ta kawo masa, lokacin ido ya riga ya tafi.

"Baba, ga su nan, duk takwas ɗin. Da shi nake koyarwa yanzu."

Ya lalubi tsakiya, yatsansa ya tsaya a kan ƙulli uku.

"Zaren wancan zamani," ya ce, "yana da ƙarko."