Hannun Uwar Sauro

Yayata shekara tara ta yi tana kiwon sauro, kuma gwamnati ce ke biyan ta. Duk wanda na gaya wa sai ya yi dariya, ni kuwa tuni abin ya daina ba ni dariya. A cibiyar binciken zazzaɓin cizon sauro take aiki, cikin wani ɗaki mai ƙofa biyu, ba a buɗe ta ciki sai ta waje ta rufu. Kullum ɗakin da ɗumi da laima kamar banɗaki bayan wanka. Farantan ruwa jere a kan kanta, 'ya'yan sauro na wutsil-wutsil a ciki, manyan kuma suna cikin kejin raga. A gida Uwar Sauro muke ce mata, kuma tana amsawa.

Sauronta ba irin na kwata ba ne. Zuri'a ɗaya ce da aka riƙe tun kafin a ɗauke ta aiki, ba su taɓa shaƙar maganin feshi ba, shi ya sa da su ake gwada sababbin gidajen sauro kafin a raba wa jama'a. Matansu ba sa yin ƙwai sai sun sha jini. Akwai na'urar ba su jinin, amma waɗannan shagwaɓaɓɓun ba sa kula ta, don haka sau biyu a mako Yaya ke naɗe hannun riga ta zura hannu cikin keji, ta yi minti goma tana cije leɓe. Saboda su ta bar turare, ta bar man shafawa mai ƙamshi.

Sai ƙazuwa ta shigo gidanmu ta wajen yara. Mai kemis ya ba mu ƙwayoyi, ya ce kowa ya sha, har wanda bai fara susa ba. Ni da hannuna na miƙa wa Yaya nata ran Lahadi. Ran Litinin ta shayar da sauronta kamar yadda ta saba. Da safiyar Talata ta tarar da ƙasan kowane keji baƙi ƙirin da gawarwaki.

Saura mako uku a fara gwajin da aka shekara biyu ana shiryawa. Likitar da ke shugabantar binciken ta tara kowa, ta tambayi masu shiga ɗakin. Mutum biyu ke da makulli, Yaya da mai shara. Aka buɗe kabad ɗin mai shara, sai ga gwangwanin feshin kyankyasai. Matar ta rantse a bayi kaɗai take fesa shi. Aka ce ta zauna a gida, ran Juma'a kwamiti zai yanke hukunci, kuma kowa ya san inda hukuncin zai faɗa.

Da yammacin Talatar nan Yaya ta dawo, ta zaro kwalin maganinmu daga kwandon shara, ta karanta sunansa. Sai ta zauna daɓas a bakin gado. Ta ce ta taɓa jin sunan a taron bita: jinin wanda ya sha shi yana kashe sauro na 'yan kwanaki.

Allah ya yafe mini, cewa na yi ta ja bakinta ta yi shiru. Ba ta da digiri, in an kore ta wa zai ɗauki mai kiwon sauro? Tsoro nake ji, kuma haushin kaina nake ji, sai na sauke mata.

Ran Laraba, saboda an ɗauka feshi ne, aka kwashe rabin farantan aka zubar, aka wanke ɗakin tas. Yaya na tsaye, ta san lafiyar 'ya'yan sauron nan lau, ba ta ce uffan ba. Ran Alhamis mai shara ta kira ta tana kuka, tana roƙon ta sa mata baki wajen Likita. Ina jin Yaya ta ce in sha Allah. Abincin ranar ko taɓa shi ba ta yi ba.

Ran Juma'a da safe ta jefa kwalin a jaka. Na tare ƙofa, ta ture ni. Kafin kwamiti ya zauna ta ajiye shi a teburin Likita, ta faɗi komai. Likita ta daɗe tana juya kwalin.

“Shan maganin kuskure ne,” in ji ta. “Da ran Talata kika faɗa, da magana ta ƙare a nan.”

An ɗage gwajin wata huɗu. An karɓe makullin Yaya, an mayar da ita ɗakin wankin kwalabe, inda take har yau.

Ran Litinin mai shara ta dawo bakin aiki, suka haɗu a baranda. Yaya ta fara ba ta haƙuri, ita kuwa ta katse ta.

“Yaushe kika gane?”

“Ran Talata.”

“Amma ran Alhamis na kira ki.”

Matar ta gyara riƙon tsintsiyarta, ta ce, “A ɗan matsa, Malama, zan share.” Shekara tara suna tare, ba ta taɓa kiran ta da komai ba sai Yaya.