Ashe Kunnen Iro Lafiyarsa Ƙalau

Yau shekara goma sha tara ke nan da muka ɗauki taubashina Iro Rediyo muka kai shi gidansa na gaskiya a nan Daura. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na san mai irin wannan rubutu hawaye ake so ya fara zubarwa kafin tawada, to ku gafarce ni, ni bana da albishir na zo. Tun ranar Laraba nake yawo da shi a baki kamar na guntsi garwashi. Na faɗa wa mai faci, na faɗa wa mai tsire, har ɗan acaɓan da ya ɗauko ni daga Zango sai da ya ce, "Baba, don Allah ka daina tafi ka riƙe ni, kada mu faɗi." Amma kafin ku ce goro, sai na koma da ku baya, don wanda bai san ciwon ba ba zai san daɗin maganin ba.

Ni Hamisu karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, ba don kai ya gaza ba, malamin ne ya ga na kusa kamo shi. Iro kuwa ya kai aji bakwai, saboda haka shi ne farfesan majalisarmu, wadda muke yi bayan la'asar a gindin darbejiyar ƙofar shagonsa na gyaran rediyo. Wani Bature mai haƙar rijiya da ya yi aiki a wajen Baure, da zai koma gida, ya bar masa garmaho da akwatin fayafayai. Iro ya haɗa abin da batirin mota, daga ranar unguwa ba ta sake hutawa ba.

A cikin akwatin akwai faifan wasu mutum biyar masu suma har kafaɗa, kamar garinsu an yi wa wanzamai korar kare. Sunansu ya fi ƙarfin harshena, sai na sa musu 'Yan Gashi, kuma sunan ya bi su. Kiɗansu Turawa rok suke ce masa, amma ba na tsalle-tsalle ba, mai dogon zango ne. Waƙa guda takan cinye fuskar faifai ɗungurungum. Ya fara can ƙasa-ƙasa kamar hadari daga gabas, sarewa ta leƙo, jita ta yi kukanta ta gaji, ganga ta shigo da tafiyar raƙumi, can ta koma sassarfar jakin da ya hango gida. Mawaƙin ba ya buɗe baki sai ka manta akwai shi. Iro yakan rufe ido ya ɗaga yatsa ya ce mu saurara, yanzu za su ɓace. Su ɓace kuwa. Ya ce yanzu za su dawo. Su dawo! Wallahi sai ka ce tare suka tsara.

Ni ne mai dafa shayin majalisa, kuma a nan ilimina ya shigo. Na gano cewa fuskar faifan nan daidai take da nunar shayin farko. Allurar garmaho na sauka a kan faifai in ɗora buta a gawayi. Sarewa na shigowa in zuba ganye. Mawaƙi na buɗe baki in zuba sukari. Allura na kai ƙarshe in sauke, ba sai na ɗanɗana ba. Shekara uku ban taɓa kuskure ba. Masu digiri su je su bincika.

Mutum ɗaya ne bai yarda da farfesa ba, shi ne Baba Nomau, tsohon makaɗin garaya daga Babban Mutum, wanda kan biyo ta majalisarmu ranar kasuwa ya sha shayi ya wuce. Da ya ga Iro ya nufi garmaho sai ya kakkaɓe riga ya miƙe. Cewa yake Bature ba shi da haƙurin kiɗa, nasa kamar tuyar ƙosai ne, jefa ka kwashe. Shi kuwa yakan kai hantsi a kan taken mafarauci guda bai maimaita hanya ba. Abin yana cin Iro, don duk Daura ba wanda yake so ya yaba wa kunnensa kamar tsohon nan.

Ana nan sai Iro ya kamo a wata tashar rediyo mai nisa cewa 'Yan Gashi sun fitar da sabon faifai bayan dogon shiru. Zo ku ga rawar jiki! Ranar kasuwa ya tare Baba Nomau a gaban kowa ya ce, "Baba, tsohon faifan ma ban ce ka ji ba, ka jira sabon. In ka ji shi ba ka sara musu ba, na yi maka alkawari zan rufe garmahon nan, ba zai sake kuka a majalisa ba." Baba Nomau ya kurɓi shayi ya ce, "Ka ji da bakinka, ɗan nan." Ni kuwa na dubi butata, don in garmaho ya tafi, agogon shayina ya tafi. Magana zarar bunu ce.

Aka ba wani direban babbar mota mai zuwa Ikko sallahu, da sunan a rubuce a takarda. Damina ta zo ta wuce, aka yanke gero, aka cire gyaɗa, faifai shiru. Duk motar da ta yi ƙugi Iro sai ya leƙa. A tsawon jiran nan ya gama tsara mana faifan a bakinsa: wannan karon waƙa ɗaya ce za ta cinye fuska biyu, sai an juya tana tsaka da tafiya. Har ya umarce ni in nemo babbar buta. Sa rai ga ci shi ke kawo yunwa, mu kuwa mun sa ran har mun rame.

Da faifan ya iso, kwana uku Iro ya ƙi yage ledarsa, wai sai Baba Nomau na zaune. Ni dai tun daga hoton bango jikina ya ba ni. Mutum biyar sun koma uku, sun sha kwat, kai tal-tal. Na ce, "Iro, mutanenka fa sun ga wanzami." Ya ce, "Kai da aji huɗunka, gashi ne ke kiɗa?"

Ranar kasuwa bayan la'asar majalisa ta cika har bakin kwata. Tela ya bar kekensa, mai nama ya rufe tire. Baba Nomau ya zauna a kan buzu, garayarsa a cinya. Iro ya hure allura, ya yi bisimilla a kan batiri kada ya ba shi kunya, ya sauke. Na ɗora babbar buta.

Jama'a, ba hadari, ba sarewa. Wata ganga ce ta fara tas-tas-tas kamar injin niƙa, ba ta gaba ba ta baya, kuma kafin in gyara zama mawaƙi ya ɓarke da waƙa. Ni da na saba in ya buɗe baki sukari ne, sai na antaya sukari a ruwan sanyi. Ban gama mamaki ba waƙar ta ƙare, ruwa ko motsi bai yi ba. Ta biyu ta zo, ƙanwar ta farko. Ta uku ta zo, har da tafi a ciki. Ina jiran sarewa in zuba ganye, sarewa ba ta zo ba har yau da nake muku rubutun nan. Yatsan Iro yana sama yana jiran inda za su ɓace, ba su je ko'ina ba balle su ɓace. A hankali ya sauke shi. Ranar ruwan sukari mai ɗumi majalisa ta sha.

Iro bai yi gardama ba. Ya ɗaga allura, ya rufe murfi, ya kama zare wayar batiri. Kyan alkawari cikawa. Sai Baba Nomau ya ce, "Kai, wa ya aike ka? Sa mini tsohon in ji abin da ya haukata ka." Aka sa. Tsohon nan ya zauna bai motsa ba, sai babban yatsansa da ke tafiya a kan tsirkiya ba sauti. Da aka gama ya ce mai gangar nan ya san daji, ya shiga ya fita bai tambayi kowa hanya ba. Game da sabon kuwa, ya ce shi ma in ya je bikin da jama'a ke sauri gajera yake yi, makaɗi bawan mai taro ne. Ya ce, "Ni aka yi wa alkawari, na yafe. Mayar da wayarka." Muka ɗauki sowa, tela har da rawa.

Da a nan aka tashi da ba ku gan ni a jarida ba. Amma bakin taubashi ba ya zama lafiya. Ana cikin raha Iro ya ce, a hankali, anya ba shi ne bai gane ba? Mutanen da suka yi wancan ba za su yi shirme ba, wataƙila sun yi gaba ne suka bar shi. Ni kuwa na ga fili, na ce, "Ai kunnen aji bakwai iyakarsa ke nan, daga nan sai 'yan kwaleji." Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Sai dai daga ranar bai sake ɗaga yatsan nan ba. Yana sa faifai, amma ba ya cewa komai. Sau da yawa nakan iske shi da rana tsaka shi kaɗai a shago, ya sa sabon ƙasa-ƙasa, ya kara kunne yana neman abin da ya wuce shi. Har ya bar duniya yana zargin kunnensa, ni kuma ban taɓa janye maganata ba, don a ganina wasa ne.

To ga albishir. 'Yarsa Malama Binta, wadda ke koyarwa a Zango, tana gyaran ɗaki ta ci karo da akwatin fayafayan, ta aiko in je. Garmaho ya daɗe da mutuwa, amma ta ɗauki hoton bangon sabon faifan nan da wayarta, nan take waya ta zaƙulo shi, kamar dama jira take. A ƙarƙashinsa ga maganganun mutane daga ƙasashe iri-iri, tana karantawa tana fassara mini. Wani ya yi layi tun safe ya saya, ya koma gida ya zauna kamar an yi masa rasuwa. Wani ya ji sau ɗaya ya kyautar. Wani har yau bai huce ba, da jikokinsa! Akwai 'yan tsiraru masu kare shi, amma irinsu ko a Daura muna da su, masu cin tuwo gaya su ce da daɗi. Na miƙe tsaye, ni da nake sallah a kujera. Na ce, "Binta, Turawan ne da kansu?" Ta ce, "Su ne, Baba, 'yan garinsu." Na ce ta sa mini shi. Ta sa. Alhamdulillahi, har yau bai gyaru ba! Ban taɓa jin daɗin mummunan kiɗa irin na ranar ba.

Ina tunanin da Iro zai leƙo yau, da farko sai an riƙe shi don murna: abin da ya jira damina guda, ga shi a aljihun kowa. Amma da ya ga yadda ake ji, yatsa na shafar gilashin waya, waƙa ba ta kai tsawon hamma ba an ture ta an kamo wata, da ya nemi sabon faifan nan ya ba shi haƙuri, don a kan na yanzu shi dattijo ne. Shayin ma ai ya bi sahu, ɗan ƙulli ne a takarda, a tsoma a cire. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ban ce na da ya fi ba, kada a ce tsoho ya fara. Na dai ce mutumin da bai taɓa jiran abu ba, ba a iya ba shi kunya irin wadda aka ba mu, kuma ba zai san daɗin da muka sani ba.

Kafin in taso na ce Binta ta nemo tsohon faifan a wayar, ta kawo gawayi da buta. Ya fara can ƙasa-ƙasa, na ɗora. Sarewa ta leƙo, na zuba ganye. Ana tsaka da tafiya sai na ga yatsana a sama, na ji bakina yana cewa yanzu za su ɓace. Suka ɓace. Da kiɗa ya tsaya na sauke ban ɗanɗana ba. Ta kurɓa, ta dube ni, ta ce, "Baba, ya aka yi ka san ya nuna?" Na ce ubanki ne ya koya mini, shi ya ji, ni tafasawa kawai na yi.

Iro bai bar gidan bene ba, shagon ma yanzu cajin waya ake yi a ciki. Abin da ya bari shi ne 'yan tsofaffi uku ko huɗu da suka iya zama su ji abu tun daga farkonsa har ƙarshensa, da 'ya guda da ta roƙe ni in koma mako mai zuwa mu ji ɗaya fuskar. A bainar jama'a na yi masa ba'a, don haka a bainar jama'a zan biya. Ku shaida, ni Hamisu na janye maganata. Iro, ba su yi gaba sun bar ka ba, kai ne ka tsaya inda kiɗan yake, su suka sauka a hanya. Kunnenka lafiyarsa ƙalau. Bakina ne mai aji huɗu.